Jakar Jini a Hantar Yaya

Ni da yayana ba mu taɓa shiri ba, kuma ba zan ɓoye wannan don ya yi ciwo ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya bi Baba bakin ruwa tun yana ƙarami, ni kuwa aka kai ni makaranta. Yana ganin an fifita ni, ina ganin shi aka bar wa jirgi da taru da sunan gida. Muddin Baba na raye kowa ya haɗiye nasa. Da ya rasu, abin da ke ƙasa ya taso sama.

Aiki ne ya ƙarasa raba mu. A shekarun farko bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, ina ma'aikaci a sashen kula da kamun kifi a Yelwar Yauri. Kifi ya soma ja baya a tafkin Kainji, sai aka hana amfani da taru mai ƙananan idanu, irin wanda ke kwashe uwa da 'ya'ya bai bar komai ba. Irinsa Yaya ke ja. Na same shi a gida na gaya masa ya naɗe shi ya ajiye.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ruwan ga na gwamna na? Shi ya haƙa shi?"

Na ce, "Ai kuwa Yaya, gwamnati ce ta datse kogin har ya zama tafki."

Da Inna ba ta shiga tsakani ba, da ya mare ni ranar.

Bai naɗe tarun ba. Ranar da aka fita kame ina cikin ayarin, nasa kuma yana cikin waɗanda aka kama. A bakin ruwa aka tara su aka cinna musu wuta, mutane suna kallo. Ba ni na ƙyasta ashana ba, amma ban kau da kai ba, kuma har yau ban ga laifina ba. Na gargaɗe shi kamar yadda na gargaɗi kowa.

Daga nan ya bar kamun kifi. Ya ɗaura wa jirgin inji, ya koma jigilar mutane da kaya da dabbobi ranakun kasuwa. Ya daina amsa gaisuwata. Idan na shiga gidanmu gaida Inna, sai ya tashi ya fita. Haka muka yi shekaru, har mutane suka gaji da sulhunta mu suka ƙyale.

Wata ranar kasuwar Wara ana loda wani babban sa a jirginsa, igiya ta suɓuce daga hannun mai shi. San ya juyo, ƙahon ya sami Yaya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ɗaga shi ya yar a cikin taɓo. Kafin a iso da shi asibiti a Yelwa ya suma. Likita ya buɗe cikin, ya tarar hanta ta tsage, ya ɗinke. Aka ce sai an ƙara masa jini, aka gwada nawa ya yi daidai, na kwanta aka ɗiba. Ban yi don ina ƙaunarsa ba. Inna ce ke zaune a ƙasa a bakin ɗakin tiyata tana kallona.

Da ya farfaɗo, matarsa ta gaya masa wanda ya ba da jinin, a zatonta zuciyarsa za ta yi sanyi. Ina tsaye a ƙafar gado. Ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Da kun bari na mutu da nawa." Ya huta, sannan ya ƙara, "Da ba ka ƙona taruna ba, mi zai haɗa ni da shanu?"

Na juya na fita.

Aka sallame shi, ɗinkin ya kama, har ya soma fitowa ƙofar gida shan iska. Inna ta ga kamar wannan ce damar da za ta haɗa kan 'ya'yanta. Ta matsa wa matata ta dafa masa wani abu, ta ce abin da baki ya kasa, ƙila tukunya ta iya. Matata mace ce mai sanyin hali, ba ta iya musu da babba. Ta yanka kaza ta yi farfesu, ta kai da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ci, domin Inna na zaune.

Kafin la'asar ciwo ya turnuƙe shi a daidai wurin raunin, yana birgima yana kiran sunan Allah. Sai amai, jini tsantsa, har da gudaji. Washegari bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, idanunsa suka yi rawaya irin ta mai ciwon shawara.

Ba a kwana biyu ba magana ta zaga unguwa cewa matata ta ba shi sammu, ni kuma na aike ta. Matarsa ce ta fara faɗa, shi ya tabbatar. Mata suka daina amsa gaisuwar matata a wurin ɗibar ruwa. Wata tsohuwa da ta san ni tun ina goye ta tofar da yawu da na wuce. Abokan aikin Yaya na bakin ruwa suka tare ni a hanya, babbansu ya ce in ya mutu, in nemi wani gari. Matata ta shiga ɗaki ta rufe, ba ta ci ba ta sha, sai kuka. Ita abin ya fi ƙona mini rai. Ni dai na saba da shi, ita kuwa me ta yi masa ban da kaza?

Su matarsa suka ɗauko wani mai magani daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski. Ya jiƙa saiwoyi ya ba shi don ya amayar da sammun. Yaya ya yi ta amai kuwa, duk aman da jini, su kuma suna murna wai abin yana fita. Ciwon ya lafa kwanaki, suka ce an yi nasara. Sai ya dawo fiye da na farko. Na je na tarar da shi kwance, tafin hannunsa fari fat, leɓɓansa sun bushe. Na ce a koma asibiti.

Matarsa ta tare ƙofa. "Ka zo ka ga ko aikin ya kammala?"

Inna ce ta tashi daga inda take. Ba ta da tsawo, ga tsufa, amma ta janye matar nan gefe da hannu ɗaya. Ta ce, "Ni na haifi wanga, ni na haifi wancan. In sammu na, asibiti su hwaɗi. In ba shi ba na, su hwaɗi. Ku ɗauke shi."

Likitan da ya yi masa aikin farko ya saurari bayanin, ya danna cikin, ya duba idon. Ya ce ciwon gefen dama da shawara da aman jini, ga kuma raunin hanta a baya, duk suna nuna masa abu ɗaya, amma ba zai iya tabbatarwa ba sai an ga hoton cikin hantar, irin hoton da ke nuna gudun jini. Ba su da wannan na'urar. Ya ƙara masa jini, wannan karon na wani direba da ya taimaka, ya tura mu Sakkwato.

Ni da shi da matarsa muka tafi a motar haya. Tun daga Yelwa har muka isa bai dube ni ba. Na sayi ruwa a Koko na miƙa, matarsa ta ture hannuna. Ta sauka ta sayo wani a wurin mai tallan da na saya.

A Sakkwato aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Likitan hoto ya shafa wa Yaya wani mai mai yauƙi a ciki, ya ɗora wani abu kamar kan tocila yana zagayawa da shi, idonsa a kan allo irin na talabijin. Ni ban ga komai ba sai toka-toka da duhu. Can ya tsaya. Ya nuna wata baƙar da'ira a tsakiyar hantar, girmanta bai wuce ƙwallon goriba ba. Ya taɓa wani maɓalli, sai da'irar ta cika da launi, rabi ja rabi shuɗi, suna juyawa suna bin juna kamar ruwa a bayan jirgi.

Likitan Bahaushe ne, don haka ya yi wa Yaya bayani kai tsaye. Ya ce ƙahon bai tsaya a naman hanta ba, ya huda bangon wata jijiya mai ɗauko jini daga zuciya. An ɗinke waje, amma hudar tana can ciki inda ido bai kai ba. Duk bugun zuciya jini na fita ta wurin, naman da ke kewaye ya tare shi, ya zama kamar jaka. Ya ce jakar ba ta da bango na gaske, shi ya sa ba ta da tabbas. In ta cika ta matsu sai ta ɓalle cikin hanyar da ruwan maɗaciya ke bi, jinin ya gangara hanji. Shi ne aman, shi ne baƙin bayan gida, kuma gudajin da ke toshe hanyar su ke kawo ciwon da shawarar. In hudar ta toshe da kanta Yaya ya sami sauƙi, in ta sake buɗewa ya koma. Wata rana za ta buɗe ta ƙi rufewa.

Yaya ya daɗe yana kallon launukan nan suna juyawa. Sai ya nuna allon da yatsa ya ce wa matarsa, "To ga shi nan. Ga abin da anka ba ni."

Likitan ya ce, "A'a, Malam. Wannan ba ta baki ya shiga ba. Ƙaho ne."

"Ƙaho ya soke ni na warke. Sai da na ci kaza."

"Ko ba ka ci komai ba ranar, da ta fashe."

Yaya ya ja rigarsa ya rufe cikin. "Ku 'yan boko bakinku ɗaya na."

Na ji kamar in shaƙe shi a kan gadon. Na yi zaton hoto zai wanke matata, ashe wanda ya riga ya yanke hukunci, ko me ka nuna masa shaidarsa ce.

Likitocin suka tattauna. Suka ce sake buɗe cikin akwai haɗari, domin jakar tana can cikin tsakiyar hanta, ga shi jininsa ya yi ƙasa, ga tabon aikin farko. Amma akwai wata hanya da ba a yanka. Ana bi ta cikin jijiya a toshe hudar daga ciki. A lokacin ba a yin wannan a yankinmu, sai a wani babban asibiti a Kudu, inda akwai na'urar da likitan da ya koyo aikin a waje. Suka rubuta mu can.

Tafiyar ta fi ta farko muni. Muka bi ta Kontagora muka haye Jebba, yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Duk ramin da mota ta faɗa sai in waiwaya in dube shi, ina jiran aman. Na san in ya mutu a hanya, babu wanda zai yarda a Yauri cewa ba ni na ƙarasa shi ba. Addu'ata ke nan a hanyar: Allah ya kai shi da rai, ko don matata ta iya fita ɗibar ruwa.

A asibitin Kudu babu mai jin Hausa a cikin likitocin. Na soma fassara, Yaya ya ɗaga hannu.

"Ba wanga ba. A nemo wani."

Na ce, "Yaya, wa ka sani a garin nan?"

"Ko wa anka samu ya hi ka. Kai sai ka juya magana su yanka ni."

Likitan, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, ya tambaye ni abin da ake ciki. Dole na faɗa masa da bakina cewa ɗan'uwana bai yarda da ni ba. Ya dube ni, ya dube shi, bai yi dariya ba. Ya aika a duba ɗakunan marasa lafiya, aka samo wani dattijo ɗan kasuwar goro, mutumin ƙasar Zamfara, da ke jinyar matarsa. Shi ya tsaya tsakaninsu. Ni ina gefe ina jin Turancin ina jin Hausar, dattijon yana tuntuɓe a wasu wurare, ban isa in gyara ba.

Likitan ya ce ba za a sa shi barci ba. Za a kashe zafin wuri ɗaya ne a gindin cinyarsa, a huda jijiyar da ke nan, a zura siririn bututun roba mai laushi, a bi da shi sama har hanta. Za a riƙa tura wani ruwa da ke fitowa a hoto, don a ga hanya. In an isa hudar, sai a cusa 'yan ƙananan wayoyi masu naɗewa, a gabanta da bayanta, jini ya daskare a kansu, jakar ta rasa mai ciyar da ita. Ya faɗi abin da kan iya faruwa: wurin hudar cinya na iya zubar da jini, wani yanki na hanta na iya jin jiki, ko kuma a shiga a kasa isa wurin, dole a koma ga wuƙa.

Yaya ya tambaya, "Wayar nan a ciki za ta zauna?"

Aka ce har abada.

Ya juya ya ce wa dattijon, "Gaya mishi na yarda. Amma wancan kada ya shiga ɗakin."

Ko da ma ba a shiga. Na zauna a benci, matarsa ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta juya mini baya. Haka muka zauna tun hantsi har aka kira azahar.

Aka fito da shi idonsa biyu. Likitan ya kira ni gefe ya nuna mini hotuna biyu. A na farko jijiyoyin hanta sun fito baƙaƙe kamar saiwoyin itace, ga jakar nan a maƙale a jikin ɗaya kamar kaska ta ƙoshi. A na biyu saiwoyin suna nan, ga ɗan dunƙulen waya, jakar babu ita. Ya ce Yaya ya kwanta a miƙe, kada ya lanƙwasa ƙafar sai an ba shi izini.

Da aka cire bandejin, Yaya ya leƙa ya ga hudar ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce an kawo shi uwa duniya an tsikare shi da allura an ce an yi aiki, kuma ya san wanda ya shirya wannan. Ya yi zazzaɓi kwana biyu, gefen damansa na ciwo, ya ce ga shi nan sun ƙara masa. Likitan ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, zai wuce. Ya kuwa wuce. Aman bai dawo ba. Bayan gidansa ya koma yadda yake, rawayar idon ta soma washewa. Kafin a sallame mu aka sake hoton launi, babu ja babu shuɗi a wurin, sai baƙin tabo shiru.

Mun dawo Yauri, mutane suka cika gidan. Ina jinsa daga zaure yana ba da labari. Ya ce na'urar Turawa ta hango abin da aka ba shi yana juyi a hantarsa, ja da shuɗi, likita ya bi shi da waya ya ɗaure. Bai ambaci ƙaho ba, bai ambaci wanda ya kai shi ba. Masu sauraro suna ta salati suna satar kallona.

Matata ta ce ba za ta ci gaba da zama da wannan suna ba. Ta je wurin Inna ta ce ko Yaya ya wanke ta a gaban mutane, ko in mayar da ita gidansu. Inna ta tara mu a tsakar gida bayan sallar Juma'a, da limamin unguwa da dattawa biyu. Na maimaita abin da likitoci uku suka faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Liman ya tambayi Yaya ko yana da shaida a kan matar ƙaninsa.

Ya ce, "Ba ni da shaida."

"To ka janye maganarka."

"Na bar ta da Allah."

Liman ya ce wannan ba janyewa ba ce. Yaya ya ce iyakar abin da ke bakinsa ke nan. Inna ta fashe da kuka, ta ce ya dubi nonon da ya sha. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki gafarce ni, amma abin da na ji a jikina ni na ji shi." Ya tashi ya shige ɗaki.

Liman da dattawan suka faɗa a masallaci cewa babu hujja a kan matata, kuma duk mai maimaita zancen ya ɗauki alhaki. Wasu suka ji, wasu ba su ji ba. Matata ba ta tafi gidansu ba, amma ta rantse ba za ta sake taka gidan da yake ba, kuma ta cika. In tana son ganin Inna, sai a ɗauko tsohuwar a kawo ta wurinmu. Ni kuma na nemi a canza mini wurin aiki, aka mayar da ni Shanga, muka kwashe yara muka koma.

Yaya yana nan da ransa. Ya tsufa, ya yi ƙiba, an ce har yanzu ya fi kowa cin tuwo a gidan. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure mukan yi musabaha don idon jama'a, kowa ya kama gabansa. 'Ya'yansa da nawa suna ziyartar juna a ɓoye, suna zaton ba mu sani ba. Ban hana nawa ba, kuma ban ji ya hana nasa ba.